Yaya, a dakata da zancen sayar da gonar Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau, sai sanyin Landan da ya fara shiga ƙashi. Saƙonka ya iso, na ji dillalai sun matsa maka lamba a kan gonar marigayi Baba tunda kwalta ta biyo ta gefenta. Na ga gara in rubuto a tsanake, don a waya kullum muna cikin magana layi ke yankewa.

Ka san gadin dare nake yi a wata unguwa da ake kira Belgravia. Gidajen dogaye ne, jere reras, duk fenti ɗaya mai ruwan madara, kowace ƙofa da ginshiƙai biyu, an rubuta lambar gidan da baƙi a jikin ginshiƙin. Wani dare muna shan shayi na tambayi abokin aikina, wani dattijo da ya shekara talatin yana wannan aiki, ko gwamnati ce ta tilasta fentin. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya buga ƙafarsa a ƙasa ya ce ai nan da muke tsaye mallakar gida ɗaya ce, gidan Grosvenor, su ke faɗin launin da za a shafa.

Asalin abin aure ne. A 1677 kakansu Thomas Grosvenor ya auri wata yarinya, Mary Davies, wadda ta gaji fili a bayan gari, fadama ce da makiyayar shanu. Landan ta yi ta girma har ta haɗiye wurin. Suka gina unguwar Mayfair tun wajen 1720, Belgravia kuma bayan shekara ɗari. Dabararsu ita ce ba su cika sakin ƙasar ba. Shekaru suke sayar maka, misali 99, in sun ƙare gida da ƙasa su koma hannunsu. Ko Amurka da ƙarfinta, tsohon ofishin jakadancinta da ke dandalin Grosvenor haya ta karɓa ta shekara 999. Har yau suna riƙe da kusan eka 300 a tsakiyar birnin.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Gerald Grosvenor, na shida da ya riƙe sarautar Duke ta Westminster. An haife shi a 1951 a Omagh, Ireland ta Arewa, ya tashi a karkara, burinsa bai wuce ya yi kiwon shanu ba. Boko bai karɓe shi ba, Yaya. An kai shi Harrow, makarantar 'ya'yan manya, ya fito da darasi biyu kacal. Da a gidanmu ne da Baba ya ce an yi asarar kuɗin makaranta. A 1970 ya shiga rundunar sojojin ko-ta-kwana a matsayin kurtu, mai wannan dukiya yana cin ihun saje kamar ɗan kowa. Ya shiga Sandhurst, makarantar horar da hafsoshin soja, ya yi ta hawa har ya kai Manjo Janar a 2004. Sarautar kuwa ta faɗo masa a 1979 da mahaifinsa ya rasu, yana ɗan shekara 27.

Bai zauna cin haya kawai ba. Kamfaninsu ya bazu har Kanada da Ostareliya da Asiya, kuma su suka gina katafariyar kasuwar nan ta Liverpool One da aka buɗe a 2008. Na je can bara, ƙafata ta gaji ban zagaye ta ba. Duk da haka mutumin bai samu kwanciyar hankali yadda kake zato ba: a 1998 nauyi ya yi masa yawa har ciwon damuwa ya kwantar da shi, kuma da bakinsa ya faɗa. An taɓa tambayarsa shawarar da zai ba matasa masu neman arziki, sai ya ce su tabbata kakansu abokin William ne, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Na so wannan amsa, domin bai yi ƙaryar cewa guminsa ne ba. A ƙarshen rayuwarsa ya zuba miliyoyin fam wajen kafa cibiyar jinyar sojojin da suka raunata a Stanford Hall, amma bai ga buɗe ta ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 9 ga Agusta, 2016, yana da shekara 64, ana ƙiyasta dukiyar da kusan fam biliyan 9.

Inda na rabu da su shi ne gado. 'Ya'yansa huɗu, mata uku, biyu ma sun girmi namijin, amma sarautar da jagorancin dukiyar shi namijin, Hugh, aka ba, yana ɗan shekara 25. Dukiyar an ɗaure ta a hannun amintattu, ba a raba ta. Mu Allah ya riga ya raba mana, kuma ba zan taɓa cewa a danne rabon su Yaya Babba da Auta ba, balle tumunin Inna.

Abin da nake roƙo shi ne a kira malam a raba a takarda, kowa ya san kasonsa, sannan mu zauna mu ga ko za mu yarda kada kowa ya sayar wa bare. Bakin titin a ba masu buga bulo haya shekara biyu-biyu, da shaidu da sa hannu, kuɗin a tara a fara shaguna ko uku ne. Cikin kuma a ci gaba da nomawa. Wanda buƙata ta kama, ya fara yi wa 'yan'uwa tayi. In kuɗin asibitin Inna ne ya sa kake tunanin sayarwa, ka faɗa mini kai tsaye, zan ƙara kwanakin aiki. Na turo wani abu ranar Juma'a, ka duba.

Ka nemi takardar gonar a akwatin ƙarfen Baba, ka ɗauki hotonta ka turo mini. A gaida Kawu, a ce masa ban manta da maganin gwiwar ba.

Naka,
Ƙaninka