Wasiƙa daga Aboabo: kada ka sayo mini Sony

Aboabo, Kumasi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyin Bronx? Da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiya, ruwa ne dai ya ƙi ɗaukewa. Ranar Juma'a na leƙa na gaida Hajiya, na tarar tana tsaye a ƙofar gida tana ciniki da mai gawayi, ka ga kuwa ƙafar ta yi sauƙi.

Saƙonka na murya ya iso, wanda kake cewa in bar Canon ka sayo mini kyamarar Sony, na saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa.  Na zaɓi in rubuta ne don na san halinka: in muka hau waya, kafin in dire zance ka tare ni da "ai Sony". Ka zauna ka karanta, kuma kada ka taka shagon kyamarorin nan sai ka kai ƙarshe.

Albishirinka tukuna. Bikin 'yar Alhajin nan na Alabar mai manyan motoci, ni aka ba. Tun daga sa lalle har ɗaurin aure da kai amarya, cikin Disamba, jim kaɗan bayan saukarka in Allah ya kai mu. Uwar amarya ce ta ga hotunan wani suna da na ɗauka a Tafo, ta ce atafau sai wanda ya ɗauki waɗannan. Ka san irin gidan, baƙi za su zo daga Akra da Tamale, har Kano da Yamai. In aikin nan ya yi kyau, ƙofa ta buɗe mini ke nan.

Tun ranar kuwa barcina ya ragu, don kyamarata, Canon 6D, ta fara gajiya. Kwanan baya ina tsakiyar walima ta ɗauke, ta rubuto mini Err 30 a bayanta. Na zare batir na mayar, ta tashi. Mai gyaran nan na Adum ya duba ya ce shota ce, labulen nan da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, ta daɗe da wuce hoto dubu ɗarin da kamfani ya ƙiyasta mata. Ƙirar 2012 ce fa, ni ma kuma ta hannu na saya. Ta ciyar da gidana, ban da abin cewa a kanta sai alheri. Amma ramin katin ajiye hotonta ɗaya ne, wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Ka ji abin da ya sami Dogo? Ya ɗauki aure cur a Sawaba, ya koma gida ya sa kati a kwamfuta, ta ce babu komai a ciki. Dangin ango suka yi masa sallama har gida, sai da liman ya shiga tsakani. Ya mayar da kuɗi, amma ɗaurin aure ba a sake shi, har yau ba ya bin layin nan. Ni ba zan shiga gidan Alhaji da kyamarar da ba ta rubuta hoto a kati biyu lokaci guda ba.

To, ga Sony ɗinka. Ban ce ƙarya kake ba. A7 III da kake yi wa kirari tun 2018 kyamara ce ta gaske: kati biyu, megafiksel 24, batir mai jimiri, ga kama idon mutum ta riƙe. Kuma Sony sun yi sammako, tun 2013 suka fito da kyamara marar madubi a ciki mai babbar sensa, Canon da Nikon ba su farga ba sai 2018 da suka zo da nasu, RF da Z. Abin da ya fi burge ni, Sony sun bar wa Sigma da Tamron, masu ƙera gilashin kyamara (lens), ƙofa a buɗe, shi ya sa gilashin 28-75 na Tamron mai f/2.8 ya shiga jakar masu biki ko'ina da kuɗin da bai kai rabin na Sony kansu ba. Canon a nan rowa suka yi, kuma haushinsu nake ji. Sai 2024 suka yarda waɗannan kamfanoni su yi wa RF gilashi mai saita kansa, shi ma da na ƙaramar sensa aka fara. Da yau zan fara sana'a hannuna wayam, wallahi da na bi shawararka.

Amma hannuna ba wayam yake ba. Buɗe jakata ka ga gilasai: 50 f/1.8, da 85 f/1.8, da 24-105 mai jan zobe, da farin nan 70-200 f/2.8 wanda ka san adashen da na zuba kafin in same shi. Ga filashin Godox da abin kunna su, duk masu harafin C, na Canon. Ga batura. In aka haɗa kuɗin waɗannan, ya ninka na bodi, wato kyamarar ita kaɗai, sau nawa? Kuma tun faɗuwar sidi ta 2022 wanda ya sayar da gilashi mai kyau a garin nan bai ƙara iya mayar da irinsa ba. In na sayar a yi mini tayin wulaƙanci, in na zo saye a kira mini dala.

Za ka ce ai akwai adaftar ɗora gilashina a kan Sony, MC-11 ta Sigma. Na sani, na kuma ga aikinta. Sigma sun yi ta ne don gilasansu, na Canon suna hawa amma babu wanda ya ɗauki alkawari. Da rana a waje ba laifi. A ɗakin amarya na ga wani yaro da ita, gilashi yana ta kai da komo yana neman fokas, har amarya ta sauke mayafi bai danna ba. Adaftar Canon zuwa Canon labarinta daban ne. Tun 1987 da suka ƙirƙiro bakin EF, duk maganar da ke tsakanin bodi da gilashi ta lantarki ce, injin saiti yana cikin gilashin. Daga bakin EF zuwa sensa milimita 44 ne, na RF kuwa 20. Saboda haka adaftar zobe ce kawai da ke cike milimita 24 ɗin nan tana kai saƙo, ko ƙwayar gilashi ɗaya babu a cikinta, babu abin da zai rage haske ko ya dusashe hoto.

Na gwada, ba ji na yi ba. Wani abokin aiki ya ara mini Canon R6 ɗinsa marar madubi ranar wani sa lalle a Asawase, na ɗora mata tsohon 85 ɗina. Ka san ɗakin: ƙwan fitila ɗaya a sama, mata sun cika har bakin ƙofa, fanka tana juya zafi, ana guɗa a kunnenka. Amarya ta sunkuyar da kai, hannuwanta a kan cinya, lallen bai gama bushewa ba. Da 6D, cikin ɗigo 11 na saiti na tsakiya kaɗai nake amincewa da shi a irin wannan duhu, sai in saita a ido, in karkata kyamara in gyara tsari, kafin nan ta motsa. Wannan kuwa wani ɗan akwati ne ya sauka a idonta ya maƙale. Ƙawarta ta raɗa mata wani abu, ta ɗago tana dariya na ɗan ƙiftawa, na danna. Da na buɗe a gida har gashin ido ana ƙirgawa, ga kwalli ya fito tsaf. Gilashin da na ɗauka ya tsufa ne ya yi wannan aikin.

Kai da kyamararka ba ta ganin rana sai ranar zagayowar haihuwar yara da ranar da ƙanƙara ta sauka, ai dole ka yi ta karanto mini lambobi. Wancan hoton da ka turo na bakin gada, rabin kan madam ka yanke, Sony ba ta hana ba. Mutumin da aka haifa a Kumasi ya tashi yana goyon Hearts, kulob ɗin Akra, da ma yaushe za a yarda da zaɓinsa? Ka bari ka zo in kai ka filin ƙwallon Baba Yara ka tuba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin bidiyoyin da kake kallo. Cikin waɗanda muke aiki tare, mafi yawa Canon ke hannunsu. Batirinka ya mutu ana shirin shafa fatiha, ka miƙa hannu baya wani ya ɗora maka nasa. Kana son gilashi mai faɗi don hoton dangi, ka buga waya a kawo maka a kan babur, gobe kai ma ka ba da naka. Kamar mota ce, mai hankali kafin ya saya sai ya leƙa Magazine, unguwar makanikai, ya ga ko kayan gyaranta na nan. Masu Sony suna ƙaruwa, musamman yaran bidiyo, amma ba su ne ke tsaye kusa da ni ranar Lahadi ba. Kuma R6 tana cin tsofaffin baturan 6D, sai dai ta fi ta shan wuta, kamar duk marasa madubi.

Malam Ƙarami yana gaishe ka. Yana nan da Nikon D750 ɗinsa ta 2014, ya ce sai dai mutuwa ta raba. Ba na ganin laifinsa. Tana da kati biyu, kuma in ka ɗauki dattijo da farar babbar riga da tsakar rana a filin Idi, fuska ta yi duhu ƙarƙashin rawani, hotonsa ya fi nawa jure a ɗago inuwa a kwamfuta ba tare da ya yi yashi-yashi ba. Wannan na gani da idona a shagonsa. Damuwarsa gilasan da ya gada a situdiyon mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Bakin F na Nikon tun 1959 yake, shi ya sa har yau suke hawa. Amma da yawansu irin waɗanda bodi ke juya musu saiti ne da ɗan sukurun nan, adaftar FTZ kuwa ba ta da injin juyawa, in ya koma Z sai dai ya riƙa saitawa da hannu. Ranar da ya gane haka ya daɗe yana juya 85 ɗin tsohon a tafinsa bai ce komai ba. Ni in na karɓi tasa ma sai na ruɗe, don gilashinsu ta ɗaya hannun ake murɗa shi.

Af, ka san ya aurar da babbar 'yarsa? Wani malamin makaranta ne daga Ejura. An yi taro daidai gwargwado, ni na ɗauka, ya hana ni biyan ko kuɗin mota. Ƙanin matarka na jami'a shi ma ya zo da wata 'yar Fujifilm yana yawo da ita a wuya. Launinta na da daɗi ba sai an taɓa ba, ga rashin nauyi, ta dace da yawon Kejetia da yake yi. Ƙaramar sensa ce dai, na ce masa ya riƙa ninka lambar gilashi da ɗaya da rabi, 35 ɗinsa kusan 50 ɗina ne. Yaron yana da ido, ka ƙarfafa masa gwiwa.

Disamba kuma ka san hunturu ne. A biki ina canja gilashi a tsaye, cikin ƙurar da masu rawa ke tayarwa. Marar madubi da ka cire gilashi sensa tsirara take kallonka, A7 III haka take. R6 in ka kashe ta labulen shota yana saukowa ya rufe. Ƙaramin abu ne a wurinku, a nan kuwa shi ne bambancin hoto mai tsabta da kwana ana goge ɗigo-ɗigo a sararin sama. Da damina kuma fumfuna ce ke cin gilasai, nawa suna cikin roba mai murfi da ƙullin silika. In ka ga irin wanda ake busarwa a sake amfani da shi, ka haɗo mini.

Ga abin da nake so ke nan. R6 ta hannu mai lafiya, megafiksel 20 ɗinta ya ishi albam da firem na falo. In kuɗin ya kai Mark II ta 2022, ita na fi so, don ta farkon tana zafi in aka daɗe ana bidiyon 4K, mu kuwa ba mu rasa zafi ba. Adafta ta Canon kansu, marar ƙarin zobe. Katin SD biyu masu sauri, daga shago, kada ka saya a hannun ɗan talla. In shagon B&H ɗin nan na Manhattan za ka, suna da sashen kayan hannu, amma ba sa buɗewa ranar Asabar, ranar Juma'a ma da wuri suke tashi, kada ka ce sai bayan masallaci. Kafin ka baro wurin ka sa a ɗora mata gilashi, ka rufe zuwa f/16, ka ɗauki farin bango ka zuƙo hoton ka duba ko akwai tabo. Ka gwada ramin kati duka biyun. Caja ba matsala, tana cin wutarmu, kan fulogi kawai zan canja. Batura a jakar hannu ake sa su, ita ma kyamarar kada ta bi manyan kaya.

Kuɗin da na tara zan damƙa wa ƙaninka da sidi, kai ka biya can da dala, ragowar in cika bayan biki. Ka faɗa mini farashin dalar da za mu yi lissafi da shi tun yanzu, don zumunci ya zauna lafiya.

Mai waken bakin masallaci ta koma Sabon Zango wurin ɗanta, wadda ta gaje ta kuma yajinta bai kai ba, ka shirya ranka. Hajiya ta ce maganin shafawar nan na gwiwa ya kusa ƙarewa. Ka gaida madam, ka shafa mini kan yara. Ka turo mini hoton kyamarar da lambarta kafin ka biya.

Naka,
Abokinka na Aboabo