Awon BMI: Asalinsa da Inda Ake Kuskure Wajen Lissafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi bayani kan awon ƙiba da rama da ake kira BMI, domin yanzu kowa na lissafa nasa a waya, kuma da yawa ba daidai suke yi ba.

Wanda ya ƙirƙiro shi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet, masanin lissafi da taurari ɗan Beljiyam, shi ne ya lura a wajajen 1832 cewa nauyin baligi yana tafiya ne da tsawonsa ninki tsawonsa. Matsakaicin mutum a cikin jama'a yake nema, ba duba mara lafiya yake ba. Sunan BMI kuwa sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa, bayan nazarin maza sama da 7,000. Ko mace ɗaya babu a cikinsu.

Lissafin: nauyi da kilo, a raba da tsawo da mita sau kansa. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.75 zai ninka 1.75 da 1.75, ya samu 3.06, ya raba 70 da shi, sai 22.9 ta fito. Wasu sukan yi kuskure su ninka tsawon da biyu, su samu 20. Wasu su sa santimita 175 kai tsaye, amsa ta fito 0.002. In sikelin na fam ne, tsawo kuma da inci, dole a ninka amsar da 703. Haɗa kilo da inci kuwa shirme kawai yake haifarwa.

Wajen awo, a cire takalmi da hula ko ɗaurin kai, a jingina da bango, sikeli kuma a kan daɓe mai tauri. Kuskuren santimita 3 kacal a awon tsawo yakan mai da 22.9 ta koma 23.7.

A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce. Wannan na manya ne. Yara da nasu jadawalin, mai juna biyu kuma ba a yi mata hukunci da shi. Ba ya kuma bambance tsoka da kitse, shi ya sa ɗan dambe zai iya faɗawa layin masu nauyi alhali babu teɓa a jikinsa. A haɗa da awon ƙugu: kada ya kai rabin tsawon mutum.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Zariya