Anti, mafarkin Babana ya hana ni sukuni

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a? Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce, tarihi nake karanta a jami'a, wannan zangon aka ba mu aiki kan tatsuniyoyin Girkawan da, to a nan na jajibo wa kaina damuwa.

Su a wajensu mafarkai 'ya'yan Dare ne, wata da suke ce wa Nyx, wai ita ce ma ta haifi Barci da Mutuwa. Kuma wai ƙofa biyu mafarki yake fitowa, na gaskiya ta ƙofar ƙaho, na ƙarya ta ƙofar hauren giwa. Duk wannan gatanan gatananku na ɗauke shi. Wanda ya tsaya min a rai shi ne na sarki Agamemnon lokacin yaƙin Troy, da Zeus, babban abin bautarsu, ya turo masa mafarkin ƙarya cewa ya tashi ya kai hari zai ci garin, kuma mafarkin bai zo da baƙuwar fuska ba, da kamannin Nestor ya zo, dattijon da sarkin ya fi ganin girmansa, ya ko yarda, aka yi ta kashe masa mutane garin yana nan daram.

Anti Babana ya rasu bara. Tun bayan sadakar arba'in yake zuwa min a barci, da farar jallabiyarsa da gilashin nan nasa da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, yana ce min in bar makaranta in koma gida gun Umma. Da na faɗa wa Umma kuka ta sa tace mamaci baya ƙarya. Yayana kuma yace tunani ne kawai. Alhali Baban nan shi ya sayar da babur ɗinsa ya biya min kuɗin rajista, ta yaya yanzu zai ce in bari?

Ni musulma ce, na san Zeus ba komai bane wallahi, kuma a islamiyya an koya mana mafarki uku ne, daga Allah, daga shaiɗan, sai zancen zuci. Amma an kuma ce Annabi (SAW) ne shaiɗan baya iya zuwa da siffarsa, kenan Babana zai iya? Gashi ba tsoro nake ji ba, daɗi nake ji.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, yanzu barcin ya fi min idona biyu. A aji sai in ji kamar nan ne mafarkin, ina kallon bakin malami ina cewa digirin na meye tunda kowa tafiya zai yi. Har lakcar safe nake tsallakewa ko zan sake ganinsa.

In nemi malamin fassarar mafarki ne ko likita? Kuma me zan ce wa Umma, don ta fara tambayar yaushe zan kwaso kayana, jarrabawa kuma ta matso.

Taki,
Ɗaliba daga Katsina