A Tambayi Mutanen Ƙasar Kafin a Yanke wa Tallansu Hukunci

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta sharhin da jaridarku ta buga a kan tallace-tallacen ƙasashen waje da ake kaiwa gasar Cannes Lions, wadda ake yi duk shekara a Faransa, kuma na ga yadda marubucin ya jera wasu tallace-tallace daga ƙasashen Asiya ya ce ba su da kai ba su da gindi. Ina ganin ya yi gaggawa, domin mai tsara talla da mutanen gidansa yake magana, kuma abin da baƙo yake gani a ciki sau da yawa bai kai rabin abin da aka faɗa ba.

A watan Nuwamba na 2018, kamfanin tufafi na Italiya, Dolce & Gabbana, ya saki wasu gajerun bidiyo inda aka nuna wata budurwa 'yar China tana fama da cin pizza da taliya da tsinkayen nan biyu da mutanen ƙasar suke cin abinci da su, yayin da muryar wani namiji take koya mata yadda za ta yi. Ranar da na fara kallo a wayata, dariya kawai na yi, ban ga abin ɓacin rai ba. Sai da wani ƙanena da yake saro kaya a birnin Guangzhou na China ya ce mini, "Yaya, ka ɗauka wani Bature ne ya zaunar da 'yarka gaban tuwo da miyar kuka yana koya mata yin loma, ana yi mata dariya," sannan na fahimci inda gizo yake saƙa. Mutanen China sun ɗauki tallan a matsayin raini, lamarin ya ƙara dagulewa da wasu saƙonni na cin fuska da suka fito daga shafin Instagram na Stefano Gabbana, ɗaya daga cikin masu kamfanin, waɗanda ya ce kutse aka yi masa, har aka soke babban bikin nunin tufafin da kamfanin ya shirya a Shanghai, masu kamfanin biyu kuma suka fito suka nemi afuwa.

Haka nan a 2016 aka yi tallan sabulun wanki na Qiaobi a China, inda mace ta cusa baƙar fata cikin injin wanki ya fito fari tas. Mu nan take muka ga cin mutuncin, alhali tallan ya ɗauki makonni yana yawo a can kafin ƙorafin waje ya sa aka janye shi.

Mu ma ai mun san ɗacin abin, domin na taɓa ganin allon talla a bakin titi a nan Kano, wanda ga dukkan alamu a nesa aka tsara shi, yaro yana miƙa wa dattijo kofin shayi da hannun hagu, a tsaye ƙiƙam. Da alƙalan wata gasa za su duba hoton, watakila su yaba hasken da launin.

Roƙona shi ne, idan za ku sake yin irin wannan sharhi, ku nemi ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da suka zauna a ƙasashen, ku nuna musu tallan kafin a kai rubutun ga bugu. A Kantin Kwari kaɗai ba za ku rasa waɗanda suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou ba.

Naku mai karatu,
daga Kano