Amsa ga Likitan da ya ce irina ne suka hana rigakafi

Assalamu alaikum, Likita.

Ranar Juma'a na ji ka a rediyo kana magana a kan rubutun da na yi cewa bai kamata hukuma ta tilasta wa mutum magani ba tare da an yi masa bayani ya yarda ba. Ka tambaye ni a bainar jama'a: "Hajiya, da ɗanki ne kwance da sanƙarau, za ki tsaya sai an karanta miki takarda?" Sannan ka ce maganganu irin nawa ne suka jawo aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Tambayar farko ba ta da wuyar amsa. Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san idan rai yana hannun Allah, ceto ake fara yi, bayani ya biyo baya. Ban taɓa cewa akasin haka ba, kai ma ka sani.

Magana ta biyun ce ta hana ni barci. Ni za ka jingina wa 2003? Ni da na yi shekara da shekaru ina rataye da akwatin ƙanƙara, lungu-lungu, ina ɗiga wa yara magani, ina shafa musu tawada a ɗan yatsa, ina rubutu da alli a jikin bango? A watan Fabrairun 2013 da aka harbe mata masu rigakafi a Kano, da yawa daga cikinmu mun koma aiki zuciya na dukan uku-uku. Lokacin ban ga masu yi mana faɗa a rediyo yau sun fito rana tare da mu ba.

In kana son sanin inda rashin yarda ya samo tushe, koma 1996. Annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, mulki yana hannun Janar Abacha. A asibitin IDH na Kano, asibitin gwamnati na cututtuka masu yaɗuwa, kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara masu sanƙarau. Yara 200 aka ɗiba, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce an yi wa iyaye bayani da baki sun amince, kuma cutar ce ta kashe yaran. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya gaya musu a harabar nan ɗaya akwai likitocin agaji na MSF suna ba da magani na yau da kullum. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a mai ba da izinin gwaji da aka nuna, daga baya ta bayyana an mayar da kwanan watanta baya ne.

Kuma ina gwamnatinmu? Ta kafa kwamiti, ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Rahoton ya kwanta a aljihun tebur har 2006, sai da jaridar Washington Post ta Amurka ta fito da shi. Talakan da ya binne ɗansa a Kano, daga wata ƙasa ya ji abin da hukumarsa ta gano. Sai 2007 Kano ta shigar da ƙara, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Aka ce sai an yi wa iyalai gwajin DNA na tabbatar da dangantakarsu da yaran kafin a biya su, kuɗin farko kuma sai 2011 suka shiga hannun iyalai huɗu, shekara 15 bayan rasuwar yaran.

Ban ce wannan kaɗai ya haifi ƙauracewar 2003 ba. An yaɗa ƙaryar cewa maganin yana hana haihuwa, kuma ƙaryar ta gurgunta yara a nan da ƙasashen waje. Na yi faɗa da ita a zaure fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma na tuna wani dattijo da ya saurare ni tsaf, ya ce: "'Yar nan, wancan karon ma a asibitin gwamnati aka yi, da farin kaya irin naki." Me zan ce masa, Likita? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da Kano ta dawo rigakafi a 2004, lallashi ne ya yi aiki: an kawo magani daga Indunusiya, an shigo da sarakuna da malamai da masu unguwa. Shi ya sa da aka fara barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi a 2011, na ce kuskure ne, kuma ina nan a kan bakana. Ɗan sanda zai buɗe maka ƙofa sau ɗaya. Zagaye na gaba uwa ta tura yaron gidan maƙwabta tun da asuba, mu kuma mu rubuta "ba ya nan".

Ina ganin girmanka, na san ka tun kana ɗalibi kana bin mu zagayen ɗaki. A lokacin kai ne mai zama gefen gado ka yi wa tsohuwa bayani da Hausa har ta gane. Abin yana mini ciwo cewa tun da ka hau kujerar gwamnati, duk mai tambaya ya zama maƙiyin lafiya a wurinka. Ina zargin abin da ya ɓata maka rai a rubutuna shi ne ambaton hukuma da na yi.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin sanin ciwonsa, da hanyoyin magani, da haƙƙin ƙin karɓa. Amma watanni kaɗan da suka wuce na raka wata 'yar'uwata wani asibiti. Aka miƙo takarda da Turanci, aka kama babban yatsanta aka dangwala a tawada, aka ce "sa nan". Tana kan gadon tura marasa lafiya take tambayata a hankali: "Yaya, me za su cire?" Ba halin gaggawa ba ne, an ba ta ranar tiyatar tun mako biyu kafin nan.

To ni ma ga tawa tambayar, a bainar jama'a kamar yadda ka yi mini. Yanzu da kake da ikon sa hannu, yaushe za a fassara wannan takarda zuwa Hausa, boko da ajami, a kuma wajabta karanta wa mara lafiya ita kafin a kama yatsansa?

Ina jiran amsarka a shirin Juma'a mai zuwa.

Yayarka a aiki,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kano