Kan masu ƙona gidan harsashi don ya yi kaushi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi bayani a kan wata sana'ar hannu da ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar harbi a nan Amurka, wato ƙona jikin gidan harsashi (ɗan akwatin da ake jera harsasai a ciki a maƙala wa bindiga) don ya yi kaushi, domin hotunanta na bidiyo sun cika YouTube, kuma wasu abokaina sun sha tambayata ko mene ne amfaninta.

Gidan harsashin bindigogi irin su AR-15 a da da ƙarfen alminiyam ake ƙera shi, amma tun da kamfanin Magpul ya fito da samfurinsa na roba mai tauri da ake kira PMAG a 2007, sai na roban ya mamaye kasuwa. Ƙorafin da wasu ke yi shi ne robar tana da santsi idan hannu ya yi gumi, ko ruwa ya jiƙa ta, ko mutum yana sanye da safar hannu a lokacin sanyi. Saboda haka sai su ɗauki ƙarfen nan mai zafi da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, su riƙa ɗosana bakinsa a jikin robar ɗigo bayan ɗigo har fuskarta ta yi kaushi. Ranar da na fara ganin ana yi, abin da ya faɗo mini a rai shi ne masu zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, domin haƙurin iri ɗaya ne, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini guda.

Abin da masu bidiyon ba su cika faɗa ba shi ne bangon gidan harsashi ba shi da kauri, kuma duk ramin da aka ƙona rage masa ƙarfi yake yi, ta yadda idan ya faɗi a kan siminti zai iya tsagewa daga nan. Wanda ya bar zanen ya hau har sashen da ke shiga cikin bindiga zai tarar gidan yana cijewa, wanda kuma zafinsa ya kusanci leɓen sama da ke riƙe harsashi, to ya lalata shi gaba ɗaya. Ga hayaƙin narkakkiyar roba da bai kamata a shaƙa a rufaffen ɗaki ba. Wani maƙwabcina ya ɓata guda biyu kafin na ukun ya yi kyau, kuma da na riƙe shi ban ji bambancin da ya cancanci asarar ba.

A ganina salatif mai kaushi kamar samfefa, irin wanda ake mannawa a allon sulu na matasa, ya fi dacewa, domin ana iya ɓare shi idan bai yi ba. Ban da haka, samfurin PMAG da ake kira Gen M3 yana zuwa ne da kaushinsa a gaba da baya tun daga masana'anta.

Duk da haka ba na raina masu wannan aiki, domin shi kansa Magpul daga irin wannan dabara ya samo asali. Richard Fitzpatrick, tsohon sojan kundumbalar ruwa na Amurka, ya kafa shi a 1999 da wata 'yar madauki ta roba da ake maƙalawa a gindin gidan harsashi, bayan ya ga sojoji suna ɗaura igiya da salatif don saurin zaro shi daga jaka.

Ga masu karatu a Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ba ta bar farar hula su mallaki irin waɗannan bindigogi haka kawai ba, don haka na rubuto ne kawai domin wanda ya ci karo da bidiyon ya san abin da yake kallo.

Na gode.

Mai karatu daga jihar Texas, Amurka