Amsa Ga Alhaji Mai Gidan Wanki, Kan Kuɗin Ruwan Da Ya Kira Zalunci

Assalamu alaikum Alhaji.

Na ji tambayar da ka jefo mini a taron ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna wannan gari na Amurka, wadda ka sake maimaitawa a Facebook: wai da wane ido ni, injiniya a hukumar ruwa kuma ɗan'uwanka, nake kallo ana karɓar kuɗi a hannunka sau biyu, bayan ka biya kuɗin jona bututu kuma kana biyan na mita duk wata. Ka ƙara da cewa albashi ne ya rufe mini baki. Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi mini ciwo, amma tunda kai da kanka ka baje takardar ƙarin kuɗin da hukuma ta aiko maka kowa ya gani, bari mu karanta ta tare.

Kuɗin da ka biya ranar jona bututu kaso ka saya da shi a cikin ƙarfin matatar ruwa da na magudanar ƙazanta, kuma ana auna kason ne da abin da gida ɗaya ke sha, wanda garuruwa da dama ke ƙiyastawa tsakanin galan 250 zuwa 300 a rana. Kuɗin mita kuwa na lantarki ne da magani da gyara. Sa'ad da ka sayi naka kason, kantin kayan masarufi ne a wurin, da famfo ɗaya da bayan gida ɗaya. Yau injinan wanki ne jere bango zuwa bango, suna juyawa tun asuba, kumfa na gangarawa cikin bututun da aka auna wa kanti. Wanda ya kama rumfa ɗaya a kasuwa ya baje kaya a rumfa uku ya san sarkin kasuwa zai zo, kuma ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta ɗora wa kowace matatar ƙazanta lasisi mai iyaka kan abin da za ta saki a kogi. Idan aka zarce, gari ne zai sha tara ko ya ci bashin faɗaɗa matata, kuma tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bayan shagonka tana cikin masu biya. Zancen cewa don kai baƙo ne aka taɓa ka ba zan daɗe a kansa ba, domin ƙa'idar na rubuce tun kafin ni da kai mu sauka ƙasar nan.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba a tuna da 'yan'uwantakarmu ba ranar da aka sauke injinan, sai ranar da takarda ta iso. Shekaruna a wannan aiki babu wanda ya taɓa cewa na karɓi sisinsa, amma mutanenmu sun ɗauka kujerar ɗan'uwa a ofis wurin goge bashi ce, in ya ƙi kuwa ya zama bare. Ban ce zaɓen shugaban ƙungiya da ke tafe ne ya sa ka zaɓi taro maimakon wayata ba, ko da yake lambata na hannunka.

Ko ka sayi ƙarin kaso daidai da injinanka, ko ka sauya su da masu tsimin ruwa ka nemi a sake awo. Takardar neman kowanne shafi ɗaya ce, kuma zan taya ka cike ta idan ka zo ofis a lokacin aiki.

Wassalam.